Rasuwar Blandar Saudatu a Bakin Aikin Jatan Lande

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma baki mai ƙin rufuwa don murna, ni Mainasara, mazaunin bayan kasuwar Daura, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar blandar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara a duniya. Mai ita, maiɗakina Saudatu, tana Zango wurin bikin ƙanwarta, kuma har yanzu labari bai kai mata ba.

Marigayiya ta shigo gidan nan cikin kayan ɗakin Saudatu. Ba ta taɓa ƙin aiki ba sai in an ɗauke wuta. Ta markaɗa tumatur da attarugu, ta niƙa waken alale, kuma da ita ake haɗa kunun ayar da Saudatu ke sayarwa, wanda unguwa kaf ta san daɗinsa. Muryarta ba ta ɓoyuwa. Takan fara da “gurrr” kamar mai gyaran murya, ta haura zuwa “wiiii”, har kajin maƙwabta su watse. Sau ɗaya tak aka gargaɗe ni a kanta, cewa in taɓa komai a gidan nan ban da ita.

To, ni mutum ne mai ƙaiƙayin hannu. Bara na kafa tankunan roba uku na zuba 'ya'yan jatan lande, a garin da ko mafarkin teku ba a yi. An yi mini dariya har da riƙe ciki, wasu suna cewa kiwon kyankyason ruwa na kama. Da cuta ta shiga tankunan kuwa, dariyar ta kusa tabbata. Jikinsu ya yi fari, suka daina cin abinci, kullum da safe sai na kwashe gawa cike da ludayi.

Abokina Jibril, direban da ke kai shanu kudu, shi ya sauke mini buhun busasshiyar ciyawar teku. Masu kiwon can sun gaya masa ba magani ba ce, ƙarfin jiki take ƙara wa jatan lande idan an niƙa ta cikin abincinsu. Turmi ya gwada ya kasa, don abar tauri gare ta kamar ƙirgi. Daga nan marigayiya ta shiga aikin sirri. Wata uku cur, duk sanda Saudatu ta fita unguwa, sai mu niƙa, in wanke ta tas in mayar da ita mazauninta. Masu sayen kunu har yabawa suka riƙa yi, wai wani ɗan gishiri-gishiri ya shigo hannun Saudatu.

Ajalinta ya zo ta hannun maƙwabcina Abbas, wanda ya rantse cewa ba ganyen da ke gagarar kanwa, tunda rama da zogale duk sun sallama. Na ga maganarsa a kan hanya. Na jiƙa ciyawar, na jefa kanwa dunƙule biyu, na danna. Ashe kanwa yauƙi take tayar mata, irin wanda ko kuɓewa ba ta taɓa yi ba. Abu ya kumbura ya kama wuƙaƙen marigayiya ƙam. Ta ce “wiii”, ta ce “gur… gur…”, ta yi “ƙit”, hayaƙi ya tashi. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya girgiza kai, ya miƙo mini hannun ta'aziyya.

Amma jama'a, ku zo ku ga jatan lande! Sati biyar ke nan ko ɗaya bai mutu ba. Sun yi ɓul-ɓul, gemu zaƙo-zaƙo, suna tsalle suna fantsama mini ruwa a fuska. Wallahi ina kuka ina taka rawa a tsakar gida, har Abbas ya leƙo ta katanga ya ɗauka aljanu ne suka tashi.

Marigayiya ta bar murfi ɗaya, da ƙaramin kofin niƙa yaji, da wayar wuta mai ɗauri biyu. Ta bar jatan lande ɗari huɗu da 'yan kai cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar tiya uku ta aya da Saudatu ta yi alkawarin mayarwa kunu don walimar maƙwabta ranar Juma'a.

An yi mata sutura da buhun da ciyawar ta zo a ciki. Ba za a miƙa ta ga mai gwangwan ba sai Saudatu ta sauka daga motar Zango ranar Alhamis bayan la'asar, ta ga gawar da idonta. A nan tsakar gida za a yi zaman makoki, kusa da tankuna, kuma an keɓe wa Abbas wuri a sahun gaba. Ina roƙon masu ta'aziyya, don girman zumunci, su zo da yawa kuma su zo da wuri, su shimfiɗa tabarmi tsakanina da Saudatu, kada kowa ya tashi sai ta gama magana.

Mai sanarwa,
Mainasara, mijin mai rashi.