Sarkin Hasken Cleveland

Duk wanda ya ce garin Cleveland bai haifi babban mutum ba, bai haɗu da Wendell Prusak ba ne. Laifin kuma nasa ne, don Wendell bai taɓa ɓuya ba. Tun daga nesa ake hango shi: dogo, ƙato, da baƙar hula a karkace, da jan ƙyalle naɗe a wuya ko ana zafi, ga kyamarori biyu suna lilo a kan tumbinsa. Daga Litinin zuwa Juma'a yana sayar da katifu a wani kanti a unguwar Parma, amma wannan sirri ne tsakaninsa da masu sayen katifa. Asabar na yi sai ya koma ainihin kansa, wato shugaban reshen Cleveland na Zumuntar Ido Ɗaya.

Zumuntar nan dandali ne a intanet da ke haɗa masu sha'awar ɗaukar hoto. Kowane gari da reshensa da shugabansa, shi ke sanar da ranar fita yawon ɗauka, shi ke kama ɗakin hoto idan za a yi zama da fitilu. Sauran garuruwa sun yi rashin sa'a, shugabanninsu mutane ne kawai. Cleveland kaɗai Allah ya ba Sarkin Haske. Tyrell Haskins, wani direban bas mai bakin tsiya, shi ya raɗa masa sunan don tsokana. Kafin gari ya waye Wendell ya liƙa shi a ƙarƙashin sunansa a shafin reshe, da manyan baƙaƙe.

"Ni ba hoto nake ɗauka ba," haka yake fara yi wa kowane sabon shiga bayani. "Hoto ai kowane mai waya yana ɗauka. Ni haske nake yi wa magana, shi kuma ya saurara. Wani lokaci ya yi gardama. Daga baya ya gane ni ne da gaskiya."

Shaidar wannan baiwa tana nan ga mai son gani. Hoto ne guda ɗaya na wani farin tsuntsu a bakin tafki, wanda ya ɗauka tun yana da gashi a ka. Ya sa hannu a kansa da rubutu mai lanƙwasa, ƙato har sababbin shiga kan tambaya a ina tsuntsun yake. Sauran ayyukansa, in ji shi, duniya ba ta shirya ganinsu ba tukuna. Duniya kuwa ta yi haƙuri, ba ta matsa masa ba.

Abu ɗaya ne ke ci wa Wendell tuwo a ƙwarya. Duk shekara uwar ƙungiya takan yi babban taro a Chicago, ta gayyaci shugaban reshe ɗaya ya hau dandamali ya koyar da saita fitila. Shekara da shekaru yana jiran wannan kira. Bara ma mutumin Toledo, shugaban reshen can, aka kira. Toledo! Wendell ya yi kwanaki ko katifa ba ya iya yabawa da zuciya ɗaya. To bana sai aka sanar cewa za a duba hotunan da kowane reshe ya ɗora daga zamansa na ɗakin hoto, a zaɓi shugaban da aikinsa ya fi ɗaukar ido. Wendell ya karanta sanarwar, ya gyara hula, ya ce da bangon ɗakinsa lokaci ya yi.

Ya kama ɗakin hoto a saman wani tsohon sito kusa da kogi. Ranar zaman ya riga kowa zuwa, don ba ya son jahilai su ga yadda ake ganawa da haske. Sai dai saita fitila na bukatar fuskar da za a gwada a kanta, kuma a ɗakin babu fuska sai tasa. Hakan bai dame shi ba, don dama ba ya jin akwai wadda ta fi ta. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya tsaya, ya duba, ya ɗaga fitila, ya sake tsayawa, ya sake ɗagawa, har hasken ya sauka a kan goshinsa da kumatunsa yadda yake so. Nan ya manna alama da farin salatif a ƙasa, ya ɗaure fitilun tamau.

Da jama'a suka hallara, ya tsaya a tsakiya ya maimaita dokokinsa. Makunnin fitila guda ɗaya ne, ɗan abin nan da ake ɗorawa a kan kyamara don fitilu su walƙa idan an danna, saboda haka bi da bi za a yi, kowa da 'yan mintocinsa.

"Ƙararrawa na kaɗawa, ka miƙa wa na bayanka," in ji shi. "Ko uwarka ce ta kira ka a tsakiya, ba ƙari. Ba mai taɓa mini fitila. Abin da kowa ya ɗauka ya ɗora a shafi, ya rubuta a ƙasa cewa Wendell Prusak ne ya saita haske."

Wadda za ta tsaya a ɗauke ta, Marisol Quintero, 'yar rawa ce, ta zo ne don a biya ta da hotunan da za ta nemi aiki da su. Ta ɗaga hannu ta tambaya ko ita ma za a sa sunanta.

Wendell ya dube ta da tausayi. "'Yata, mai tsayawa ai kamar kujera ce a cikin hoto. Kin taɓa ganin an rubuta sunan kujera?"

Marisol ta je ta tsaya a kan alamar. A nan ne aka ga ɗan abin da Sarkin Haske bai lissafa ba. Tsawon Marisol iyakarsa hammatarsa. Hasken da ya sha wahalar saitawa ya wuce ta saman kanta ya tafi abinsa, ya bar mata ramuka biyu baƙaƙe a gurbin idanu.

Lorna Petrakis ce ta farko a layi, tsohuwar likitar haƙori da ta yi ritaya, wadda ta saba faɗa wa mutane abin da ba sa son ji. Ta danna sau ɗaya, ta duba bayan kyamararta, ta yamutsa fuska.

"Wendell, fitilar nan ta yi mata sama. A sauke ta mana."

"Fitila ba ta kuskure, Lorna. Yarinyar ce ba ta iya karɓar haske ba. Matsa, 'yata, ki ga yadda ake yi."

Ya ture Marisol gefe da bayan hannu, ya taka alamar. Ya ɗaga haɓa. Ya riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ya watsa jelar jan ƙyallen ta bayan kafaɗa, ya lumshe ido ya turo leɓe kamar wanda ke ɗanɗana miya. Lorna ta dubi agogo, ta ga mintocinta na ƙonewa, kuma mai doka ya ce ba ƙari. Sai ta ɗaga kyamara ta ɗauki abin da ke gabanta. Fitilu suka walƙa.

"Yauwa, gwada ki gani!" in ji Wendell, bai ko motsa ba. "Kin ga yadda yake zama a fuskar da ta san darajarsa?"

Lorna ta duba, ta ce lallai ta gani, ta ci gaba da dannawa har ƙararrawa ta kaɗa.

Haka aka yi da na biyu, haka aka yi da na uku. Duk wanda makunni ya zo hannunsa, Marisol za ta taka alama, Wendell ya ga kuskure, ya shigo gyara, gyaran ya cinye lokacin. Da layi ya zo kan Tyrell, abin ya zama biki.

"Ranka ya daɗe, wancan na kafaɗar ne ban gane ba. A taimaka wa ɗalibi a maimaita."

Aka maimaita masa.

"Kai, Sarki! To idan da iska fa? Haske na jin maganarka a cikin iska?"

Wendell ya ba da umarni a kunna fanka. Ƙyalle ya tashi sama, riga ta manne wa tumbi, kyamarori biyu suka karkata hagu da dama. Ya cire kwat, ya juya baya ya waiwayo ta kan kafaɗa yana yi wa fitila kallon ƙauna. Gumi na tsiyaya, yana bayani a kan ruhin inuwa. Marisol tuni ta samu akwati ta zauna tana cin kek ɗin dona, ta cire takalman rawarta. Da mai ɗakin ya leƙo ya ce lokaci ya ƙare, ba ta da hoton kirki ko ɗaya. Lorna ce ta ja ta gefe ta ce ta zo gidanta, akwai taga mai kyau, kuma taga ba ta lacca.

Wendell ya ɗauka hotunan gwaji ne da za a goge. Amma doka ta ce abin da kowa ya ɗauka ya ɗora, kuma 'yan reshen Cleveland ba su taɓa bin doka da farin ciki irin na wannan mako ba. Shafi ya cika da Wendell: Wendell mai turo leɓe, Wendell a cikin iska, Wendell mai waiwaye. Da ya fara gani ransa ya ɓaci, har ya soma rubuta gargaɗi. Sai ya lura da yadda hotunan ke yawo. Daga Denver ana yabawa, daga Atlanta ana turawa, wasu na tambaya a ina aka samo wannan bawan Allah. Tsuntsun bakin tafki bai taɓa ganin kwatankwacin haka ba. Wendell ya goge gargaɗin, ya jingina da kujera.

"Sun ga hasken," ya ce.

Ranar Asabar reshe ya haɗu karin kumallo a gidan abincin da suka saba, har da Marisol, wadda Lorna ta gayyato. Ana cikin cin fanke da shan kofi wayar Wendell ta yi ƙara. Ya duba, ya ga lambar Chicago. Da wani ne ba shi ba, da ya fita waje ya amsa. Sarkin Haske kuwa cokali ya ɗauka ya ƙwanƙwasa kofi har kowa ya yi shiru, ya buɗe muryar wayar yadda duk teburin zai ji, ya ajiye ta a tsakiya kusa da kwalbar zuma.

"Ku saurara ku ƙaru," ya raɗa musu.

Mai kiran ta ce sunanta Ingrid Salcedo, daga masu shirya babban taro. Ta ce hotunan Cleveland sun kashe su da daɗi a ofis, kuma suna roƙon Mista Prusak ya zo ya hau dandamali bana.

Wendell ya rufe ido, ya gyaɗa kai a hankali. "Na san za ku iso inda nake, ko ba jima. Laccata kashi uku ce. Kashi na farko, yadda haske ya same ni."

"Lacca? A'a, koyarwar ai mutumin Toledo ne zai sake yi. Kai tsayawa za ka yi a ɗauke ka."

Wani ya ajiye cokali mai yatsu a hankali.

"Darasin bana shi ne yadda ake ɗaukar mutum mai ji da kansa," Ingrid ta ci gaba da fara'a. "Mun gwada 'yan wasan kwaikwayo da yawa, duk sai ka ga da gangan suke yi. Kai kuwa kamar gaske! Ba mu san akwai shugaban reshe mai barkwanci haka ba. Wannan turo leɓen, kai ka ƙirƙiro shi?"

"Amma hasken," in ji Wendell, muryarsa ta sirance. "Ba ku duba hasken ba?"

"Hasken ba laifi, irin wanda kowa ke yi ne. Fuskar ce ba a samu. Don Allah ka zo da hular da jan ƙyallen. Kyamarorin nan biyu na ado ma ka rataya, sun ƙara wa abin armashi. Ba sai suna aiki ba."

Tyrell ya cusa fanke guda a baki don kada ya yi abin da zai sa a kore shi daga reshe. Lorna ta tsura wa kofinta ido tana danne dariya. Wendell ya miƙa hannu zai rufe muryar, sai kuma ya tsaya, ya sunkuya kusa da wayar.

"To sunana fa? Za a buga shi a jikin sanarwar taro?"

"Ayya, ba ma sa sunan mai tsayawa. Na mai koyarwa kawai ake sawa."

Marisol ta goge bakinta, ta yi masa murmushi irin na 'ya mai ladabi.

"Kujera ce ai, Mista Prusak. Kai ka koya mana."

Wendell ya miƙe, ya gyara hula, ya shaida wa Chicago da Cleveland baki ɗaya cewa mutum irinsa ba ya amsa irin wannan gayyata da garaje, sai ya duba ko yana da sarari, kuma da wuya. Ya fita bai ƙarasa fankensa ba.

Ranar Litinin da safe Tyrell ya hango shi ta tagar bas, tsaye a shagon masu wanki da guga, yana miƙa jan ƙyallen da hannu biyu, yana roƙon a yi masa na gaggawa.