Rasuwar Bindigar Alhaji Tahirou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma mai tafasa, ni Hajiya Kaltouma ta Greensboro nake sanar da jama'ar Nijar rasuwar bindigar farautar marigayi maigidana Alhaji Tahirou, wadda Amurkawa ke kira tati-o-siks. Ta rasu ran Asabar, 13 ga Nuwamba 2004, a gonar Mista Sylvanus ta McLeansville. Maƙwabciyata Tchima ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Marigayiya mai kunya ce. Ba ta magana sau biyu. Alhaji ya ce bismillahi, ta ce "ƙarak", ta ce "tau", barewa ta kwanta. Rami ɗaya ƙarami, nama lafiya lau, ya yanka ya kawo mini. Shekara goma sha ɗaya babu gidan ɗan Nijar a garin nan da bai ci kilishina ba, kuma duk daga bakinta ya fito.

Ba ta yi jinya ba, kashe ta aka yi. Mijin ɗiyata, Mourtala, ya ce harsashinta na kakanni ne, wai ba ya gudu. An fito da sabo, gajere mai ƙiba, magnum, wai yana kai mita ɗari biyar. A dajin Sylvanus da itace ke tare ido bayan taki hamsin, wa zai harba a mita ɗari biyar? Na ga barewar da abokinsa ya harbe da irinsa: kafaɗa duk ta dagargaje, jini ya kwanta, ko kare sai ya yi tunani. Wannan ba farauta ba ce, ɓarnar abinci ce.

Mourtala ya ɗauke ta bisa cewa zai goge mini ita. Ashe wurin wani mai gareji ya kai, aka ƙwaƙule mata ciki don sabon harsashi ya shiga. Harbi na uku ta ce "fash", ta tsage. Shi ko yatsa bai rasa ba. Yanzu yana yawo yana gaya wa mutane wai tsufa ne.

Ba tsufa ba ne! Ni ma na tsufa, ban tsage ba.

Ta bar ni, da kwali biyu na tsohon harsashi marayu, da firiza wayam.

Ba na son sabuwa, kada wanda ya kawo mini. Abin da nake nema, Mourtala ya tsaya gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa lafiyarta ƙalau ya ɗauke ta, shi ya kashe ta.

Za a yi jana'iza ran Lahadi bayan Azahar a gidana. Ƙotar katakon, inda hannun Alhaji ya goge har ta yi santsi, tana nan wurina. Ƙarfen kuma Mourtala ne zai ɗauka da hannunsa bayan ya yi magana. In bai zo ba, mu mata za mu cika motar Tchima, mu kai masa gaisuwa wurin aikinsa.