Akwatin da ya sa surukina turin mota

Ranar da zan kai surukina ɗaurin aure Batagarawa, wata jar fitila mai siffar akwati ta kama a gaban sitiyari.

Ya ce, "Malam, lafiya?"

Na gyara hula na ce, "Alhaji, motar zamani ce. Akwati ta nuna, wato but bai rufu ba."

Sau uku ina sauka ina maka but ɗin da ƙarfi. A Ƙofar Kwaya motar ta mutu murus. Surukina, da babbar rigarsa, shi ya tura ni har wurin makanike, wanda ya leƙa ya ce, "Ai wannan hoton batir ne."

Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai ya ce, "Injiniya, an rufe but?"