Rasuwar Jiniyar Sha Biyu da Rabi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ba zan iya ɓoyewa ba, ni Badaru Isiyaku Gwarzo, mai kula da lafiyar ma'aikata a wani dogon bene da ake ginawa a unguwar Al Warsan, nan ƙasar Larabawa, nake sanar da rasuwar jiniyarmu. Ta cika ranar Talata, tara ga Yulin 2019, a kan ƙarfen da take ɗaure, ba kowa a kanta.

Ni na sayo ta a kasuwar Naif shekara uku da suka wuce, na rungumo ta a bas kamar jaririya. Aikinta ɗaya ne. Dokar ƙasar nan ta hana aiki cikin rana daga sha biyu da rabi zuwa uku a watannin zafi, marigayiya ce ke sanar da lokacin. Takan fara da gurnani, uuuu, sannan ta ware murya, wiiiii, har mai fasa kankare a hawa na tara ya kashe injinsa. Ba ta iya Hausa ba, balle Urdu, amma kowa yana gane maganarta. Foman, shugaban leburori, shi kaɗai ne bai taɓa ƙaunarta ba.

Injiniya Zaituna, mai yawan karance-karance, ta taɓa gaya mini cewa Turawa sun aro sunan jiniya ne daga wasu matan teku na tatsuniyar Girkawa, masu rera waƙa har matuƙa jirgi su afka wa duwatsu. Wai da sunan nan suke kiran kukan motar 'yan sanda, da shi kuma suke kiran kyakkyawar da ke kai namiji ta baro. Na ce mata ban san sauran ba, tamu dai inuwa take kiran mutane.

Jinya ta fara tun watan Mayu. Murya ta dishe, wiii ya koma kirr-kirr. Sau uku ina rubuta wa ofis a kai ta gyara, sau uku ana ce mini inshallah. Ranar Talata na danna, ta yi shiru. Na bi matakala da gudu ina ihu, amma muryata ba ta kai rabin tata ba. Kafin in kai hawa na tara, Malam Sanda, mai ɗaurin rodi, mutumin Maraɗi, ya yanke jiki ya faɗi. Jiniyar da aka ji ran nan ta motar asibiti ce. Yana samun sauƙi, alhamdulillahi. Ofis kuwa ni suka kira suna tambaya ina nake.

Ta bar ma'aikata ɗari da arba'in, da ni, da wani usur na roba da aka miƙo mini jiya wai ya gaje ta. Na busa shi a ƙofa, mai gadi ma bai waiwayo ba.

Za a kai ta makwancinta, kwandon tsoffin ƙarafa na bayan sito, gobe da ƙarfe sha biyu da rabi daidai. Halarta wajibi ce ga duk wanda ke saman bene. Zaman makoki a rumfar cin abinci yake, daga lokacin zuwa ƙarfe uku, kullum, har sha biyar ga Satumba. Don Allah kowa ya duba agogonsa ya sauko da kansa, ya riƙo hannun na kusa da shi. Babu mai kiranku.