Rasuwar Sista a Hannun Mai Faci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai mai sarawa ɓari guda, Hansai matar Malam Ishaku akawun gandun daji, ta nan Keffi, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan cinikin ƙuli-ƙuli, da duk wanda ya taɓa aikowa a ba shi aro, rasuwar abokiyar zamanta kuma mai jinyarta, jar robar ruwan zafin nan da unguwa ta sani da suna Sista. Ta rasu ranar Talata da hantsi a rumfar Tajudeen mai faci, bakin tasha, bayan doguwar jinya da gajeren ganganci.

Ba a san ainihin shekarun marigayiya ba. An dai haife ta a ƙasar Turawa, ta iso Keffi cikin kwali shekarar da aka sami mulkin kai, ta sauka a kantin maganin Ambrose da matarsa Ebele. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Malam Ishaku, ita ma gajera, irin wadda ake miƙa gishiri ta samanta ba sai an yi ɗage ba.

Masu cewa ai roba ce kawai, Allah ya raba su da ciwon ɓarin kai. Tun haihuwar 'yarta Zubaidatu ciwon nan ya sami Hansai ya yi masauki. In ya tashi, sai ta ji kamar ana daka a bayan idonta na hagu, hasken rana ya zama abokin gaba, ƙamshin man gyaɗan da take sana'arsa ya koma tashin zuciya. Me ba a yi ba? Wanzami ya kafa ƙaho har ƙeya ta rasa wurin sabuwar tsaga. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je har Agwada wajen wata tsohuwa da ta shafa mata wani baƙin abu a goshi. Abin ya kori ƙuda, ya kori Malam Ishaku daga ɗaki, ciwo kuwa yana nan daram.

Rannan Hansai na kwance tana nishi, mai na ƙonewa a kasko, sai ga hannun Ebele ta saman katanga riƙe da wani jan abu mai ɗumi.

“Maman Zubaida, sa wannan a bayan wuya naka, rufe ƙofa, kwanta. Kar ka yi magana. Ni zan duba mai a wuta.”

Haka aka fara. Ba a ce Hansai ta warke ba, ba ma so a yi wa mamaciya ƙarya, amma ta yi barci, ta tashi ta gane 'ya'yanta. Daga nan robar ta zama 'yar gida biyu, yau tana can, gobe tana nan. Hansai ce ta raɗa mata Sista, don ta ce aikin sistar asibiti take yi, sai dai ita ba ta tsawa kuma ba ta tambayar kati.

Shekarar da ƙasa ta rikice, mutanen Gabas suka ɗaure kaya. Mota na jira, Ambrose na ƙwala kira, Ebele ta dawo da gudu ta miƙo Sista ta wurin da ta saba miƙowa.

“Riƙe mini. Ba kyauta ba ne fa, ajiya ne. In na dawo zan karɓa. Kar ka huda shi.”

Hansai ta ce, “Je ki ki dawo, Maman Caroline. Yadda kika bar ta haka za ki same ta.”

To, jama'a, wannan alkawari shi ya jawo duk abin da ya biyo baya.

Halayen marigayiya ba ɓoyayyu ba ne. Mai haƙuri ce. An ɗura mata tafasasshen ruwa tsawon rayuwarta ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta da ƙabilanci: ta kwana a bayan Gwandara, ta kwana a gwiwar Mada, ta je gidan Yarbawa jinyar mai jego, ta dawo tana warin man zafi ba ta ce uffan ba. Mai rufa asiri ce, don ta ji abin da mata ke faɗa wa matashin kai, ba a taɓa jin sa a rijiya ba. Mutum ɗaya ta taɓa ƙonawa, Malam Ishaku, shi ma shi ya zauna mata a ka, kuma har yau in an tayar da zancen sai ya tashi ya ce zai je masallaci. Kuskurenta guda a aiki shi ne lokacin da Malam ɗin ya ɗora ta a kan ƙwan zabi wai ta ƙyanƙyashe masa, don kazar da ke kwanci a kansu ta gudu. Ta yi iyakar ƙoƙarinta. An ci ƙwan da yaji.

Ba mai yawan magana ba ce. In ana ba ta ruwa sai ta ce ƙul-ƙul-ƙul. In aka matse mata iska kafin a rufe sai ta ce fuuu, kamar tsohuwar da ta sauke tulu. In Hansai ta juya kwanciya sai ta amsa da cakwal. Waɗannan kalmomi uku su ne dukan abin da ta bari, kuma sun fi na wasu masu jawabi amfani.

Yaƙin basasa ya ƙare. Mutane suka fara dawowa da ɗai-ɗai, aka buɗe shagunan da suka daɗe a kulle. Duk wanda ya sauka daga motar Makurɗi, Hansai ta aika masa da ƙuli-ƙuli da tambaya. Wani ya ce kamar ya ga Ambrose a wata kasuwa. Wani ya sunkuyar da kai ya ce garinsu Ebele ya sha wuya ƙwarai. Labari na farko Hansai ta karɓa ta adana, na biyun ta ce mutumin ba ya jin Hausa sosai. Kullum maganarta ɗaya ce: ai ajiyarta na nan, za ta zo.

Rashin lafiyar marigayiya ya fara ne shekarar da naira ta kori fam. Wata safiya aka tarar da matashi a jiƙe. Aka zargi yara, yara suka rantse, ƙarshe aka gano tsufa ne ya sa Sista ta fara abin da ba a faɗa. Malam Ishaku ya ce a jefar. Ga kuɗin fetur ya shigo gari, kowa na sayen rediyo da babur, shi akawu guda a ce matarsa na kwana da roba mai yoyo? Da ya je Jos taro sai ya sayo sabuwa fil, shuɗiya, mai riga. Ya miƙa yana jiran godiya.

Hansai ta juya ta, ta mayar cikin kwali. “Malam, an gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma ce maka aka yi zafi ne ya ƙare a gidan nan? Ranar da matar nan ta tsaya a ƙofa, shuɗiya zan miƙa mata in ce tata ce ta canza launi?”

Shuɗiyar tana kan kabad har yau, ba ta taɓa shan ruwa ba.

Daga nan aka shiga zaryar asibiti, wato rumfar Tajudeen. A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Ya kankare, ya shafa gam, ya manna facin tsohon tub na taya, ya danne da dutse. Ya toshe kafaɗa, ciki ya ɓulle. Ya toshe ciki, gindi ya buɗe. A ƙarshen rayuwarta baƙin jikinta ya fi jan yawa, in an zuba mata ruwa ɗaki ya ɗau warin taya, har Zubaidatu ta ce in Inna na ciwon kai sai ka ɗauka a gareji kake. Hansai ba ta damu ba. Ta ce mai ita za ta gane ta ko da murya.

Ajali ya zo ta wata 'yar ƙofa da ido ba ya gani. Ruwa na zuba, an duba an rasa ta ina. Shi kuwa mai faci hanyarsa ɗaya ce ta neman huda tun da aka halicci keke: a cika tub da iska, a tsoma a rabin duro na ruwa, a ga inda kumfa ke fita. Da can da famfon hannu yake yi, mutum na ji a damtsensa in abu ya ƙoshi. Amma watan jiya Tajudeen ya sayi injin iska, mai ruri, wanda mutane ke tsayawa kallo. Kuma ran Talatar nan akwai 'yan kallo.

Hansai ta ce, “Ɗan nan, a hankali fa. Tsohuwa ce, kuma ba tawa ba ce.”

Ya ce, “Haba Mama! Tayar tifa ma na yi jiya, balle wannan ƙaramin abu.”

Ya ɗaure wa Sista tiyo a baki, ya murɗa. Shaidu sun ce marigayiya ta miƙe, ƙugunta ya cika, tamojin tsufa suka baje, ta koma kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Hansai har ta fara murmushi. Sai Sista ta wuce nan, ta kai girman ƙwaryar fura, facin ya fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fau! Jakin mai itace ya tsinke igiya, wani direba ya fito duba tayoyinsa, mai shayi ya zubar da madara.

Hansai ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa a ƙasar tasha, mace mai 'ya'ya manya, tana tsince jan roba tana zubawa a gefen mayafi. Tajudeen ya yi ta'aziyya da Hausa, ya yi da Yarbanci, sannan, da yake bakin mai sana'a ba ya haƙuri, ya tambaya ko za a bar masa gawar, wai robar Turawa ce, za ta yi facin keke mai kyau. Kallo ɗaya ta yi masa. Tun ranar in ya hango mai kama da ita sai ya shige bayan duro.

Marigayiya ta rasu ta bar tsohon ɗankwalin ɗaure kai, wanda yanzu duk aikin ya koma wuyansa. Da gwangwanin man zafi, ya kusa ƙarewa. Da butar ƙarfe da ta shayar da ita shekara da shekaru, tana nan kan murhu ta rasa wa za ta tafasa wa. Da murfin ita marigayiyar, wanda aka tsinto ƙarƙashin wata mota ko ƙwarzane babu. Ta kuma bar Hansai, wadda ke kwance ɗaki a rufe tun Talata. Mata na shiga suna cewa ta yi haƙuri, ai roba ce. Su ma sun san ba roba take yi wa kuka ba. Shekaru ke nan tana tsoron ko Ebele ba ta duniya, kuma muddin akwai abin da za ta mayar, ba dole ta faɗa da bakinta. Yanzu ga shi a ƙulle cikin tsumma.

Game da jana'iza, an ɗan sami jinkiri. Da farko Hansai ta ce ba za a binne kayan mutane ba da izininsu ba. Sannan aka rasa a wane layi za a sa marigayiya, tunda a gidan coci ta tashi, a gidan salla ta tsufa. An tuntuɓi liman, ya ce roba ce, don Allah a bar shi ya huta. An tuntuɓi katikis, malamin coci, ya ce ra'ayinsa ɗaya da na liman.

Saboda haka za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar, a cikin gida, gindin katanga. Malam Ishaku zai haƙa, don Hansai ta ce shi ma yana da abin neman gafara. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a tsakar gida. Ana roƙon masu zuwa su rage murya, kada a fesa turare, kada kuma kowa ya zo da sabon maganin ciwon kai, an ji na kowa. Tajudeen zai iya zuwa, amma ya bar injinsa a rumfa.

Daga ƙarshe, Hansai na roƙon direbobi da fatake masu ƙetare gadar Makurɗi su yi mata aike. In Allah ya haɗa ku da wata Ebele matar Ambrose mai kantin magani, doguwa, mai wushirya, wadda ta taɓa zama a Keffi, kada ku ɓoye mata komai. Ku ce Maman Zubaida ta kasa riƙe amana, an ce kar ta huda, ta fasa gaba ɗaya. Ku ce laifinta ne, ba ta da abin kare kai, tana nan zaune tana jiran hukunci. Ta zo ta yi mata faɗa. Ko zagin ne ma, don Allah ta zo.