Tarwaɗar Sufeto

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na koyar da sarƙar abinci a gaban sufeton makarantu ba, ko da yake in an bi gaskiya ba ni na koyar ba, kifi ne.

Lokacin ina malamin bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi. Kujerar shugaban sashen kimiyya ta zama babu kowa a kai, mu biyu ke hanƙoro, ni da Madam Rifkatu mai kemistiri. Firinsifal ta ce abin da sufeto ya gani a aji shi zai raba gardama. Ni kuwa na ce zanen allo aikin ragwaye ne. Zan kawo fadama sukutum cikin makaranta, yara su ga yadda rana ke ciyar da tsiro, tsiro ya ciyar da ƙwaro, har a kai ga babba.

Na hau babur zuwa Zauro na tono dashen shinkafa da lakarsa. Ɗalibai suka kamo mini fara (sai da na rantsar da su, don na ji ana maganar yaji). Na samo ƙananan kwaɗi a bakin rafi, sannan na yi takanas har Argungu na zaɓo tarwaɗa mai rai, baƙa wuluk, gashin bakinta ya fi nawa kwarjini. Na haɗa su duka a babban baho, na lulluɓe da gidan sauro, na ɗora tabarma, na ajiye a inuwar bayan kicin kusa da famfo. Abu ɗaya na manta: ban ba su jadawalin darasi ba.

Washegari sufeto bai iso ba sai bayan azahar. Kun san mu, ba a sa baƙo aiki da yunwa. Aka shiga da shi ofis, aka kawo tuwon shinkafa da farfesun kifi. Har da ni aka ci, na ma ƙara romo.

Da muka fito, na jera aji kewaye da baho. Na yi jawabi mai tsawo a kan yadda kowace halitta ke rataye da wata, har na ce a wannan baho babu wanda ke zaman banza. Sufeto na gyaɗa kai yana sakace. Na yaye tabarma kamar mai buɗe sabon asibiti.

Ruwa ne, da laka, da guntayen kara. Ko motsi babu.

"Malam, ina halittun?" in ji sufeto.

Na leƙa cikin bahon kamar zai yi mini bayani. Sai Nana, shugabar aji, yarinyar da ba ta taɓa barin tambaya ta wuce ba, ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, mun gani tun safe. Fara ta cinye shinkafa, kwaɗi sunka lashe fara, kifi ya haɗiye kwaɗi."

"Madalla. To kifin fa?"

Daga tagar kicin Inna Hajo mai girki ta leƙo. "Wanga na cikin baho? Ai na ga Malam ya taho da shi daga Argungu, na ce na baƙo na. Ƙiba gare shi, tubarkalla. Cikinai ma cike yake."

Sufeto ya cire tsinken sakace daga bakinsa a hankali. Ni kuma, saboda malanta ciwo ce, sai na ji bakina yana tambayar da na shirya tun daren jiya: "To, wa ke saman wannan sarƙa?"

Aji duka suka juya suka dubi cikin sufeto.

Bawan Allah ya nemi ruwa, ya kuskure baki, ya tambayi inda ɗakin kemistiri yake. Madam Rifkatu ta karɓe shi da murmushin da har yau ban yafe ba.

Ita ce shugabata yanzu, kuma tana da kirki, sai dai duk ranar da aka dafa kifi a makaranta takan aiko a tambaye ni ko darasina ne. Na koma zanen allo. Kibiyoyin da nake ja da alli ba su taɓa cin juna kafin baƙo ya iso ba.