Dokar Hana Gaisuwa a Bakin Gulbi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na hana mutanen Kalgo gaisuwa. E, gaisuwa dai da kuka sani, ta ina kwana da ina gajiya. Ni ɗin nan na miƙe gaban dattawa, da bakina da haƙorana, na ce a daina.

Ana tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da ake ta buɗe makarantun firamare ana neman malamai ido rufe, aka turo ni Kalgo daga Gwandu. Ba wani nisa ba ne na a zo a gani, amma ni ji na yi kamar an jefa ni bangon duniya. A gidanmu ba a san mutum ya ci tuwo shi kaɗai ba, akushi ɗaya muke sa wa hannu ana hira ana musu. A Kalgo kuwa ɗaki aka ba ni bayan makaranta, daga ni sai tabarma da fitilar ƙwai da wata rediyo mai yawan tari. In an tashi yara, makarantar nan sai ta yi tsit, har motsin ƙadangaru nake ji a kan kwano. Mutanen gari ba su yi mini laifin komai ba. Suna girmama ni, irin girmamawar nan ta daga nesa: a ce "ga Malamin Gwandu nan", a kauce a ba ni hanya. Ni ma da nawa halin. Ina tafe biro a aljihun gaba, kai a sama, ina jiran a fara gaishe ni (ban san wanda ya gaya mini cewa malamin makaranta ba ya fara gaisuwa ba). Gaskiyar magana, kaɗaici ne yake cina, ina rufe shi da girman kai.

Bayan damina ta ɗauke, mutanen gari suka yi gayya suka tada jinga, wato tudun ƙasa mai tare ruwa, a bakin gulbi, suka daddaɓe ta, ta zama hanya tun daga unguwar masunta har fadama. Dalili kuwa, babbar hanya ta zama abin tsoro ran kasuwa, manyan motoci na wucewa a guje suna take awaki. Aka ce wannan sabuwa ta masu ƙafa ce da masu keke. Faɗinta bai fi na tabarma ba, dama gidaje, hagu gangare da taɓo da ruwa. Ni kuwa ina da sabon keke baƙi mai ƙararrawa, sai na mai da hanyar nan wurin zuwana. Kullum bayan la'asar in hau in je ƙarshenta in dawo, ina sauri kamar ana jirana a wani wuri. Ba mai jirana ko'ina.

Sai dai a tsakiyar hanyar akwai wata bishiyar giyayya, a ƙarƙashinta wani tsohon masunci, Baba Arzika, yake zama yana ɗinkin taru. Shi kaɗai ne duk garin bai damu da birona ba. Da ya hango ni sai ya ajiye zare, ni kuma in sauka daga keke, don ba a amsa gaisuwar dattijo daga bisa.

"Malam, ina wuni? Ina gajiya? Ina ɗiyan makaranta? Ina baƙunta? Ka samu labarin tsohuwa can Gwandu? Tana lahiya? To madalla."

Ba ya tsallake ko ɗaya, kuma kowace tambaya sai ya tsaya ya ji amsa. In faɗa muku gaskiya, wannan gaisuwa ita ce abincin darena. Ita nake tuƙa keke in je in karɓo, in dawo ɗaki ina juya ta a rai.

Ba a daɗe ba mutanen unguwar masunta suka fara kuka da hanyar. Masu keke na shararowa ta ƙofar gidajensu, yara ƙanana na fitowa a guje, agwagi na tsallakawa zuwa ruwa, taru a shanye a gefe. Mata masu zuwa ɗibar ruwa suka ce sai sun yi ta waige-waige da tulu a ka. Wasu suka ce baƙin fuskoki sun yi yawa, kowa ya wuce sai ya leƙa ta kan zana. Abin ya kai intaha ran da wani mai keke ya yi karo da wata Bafilatana mai tallar nono, ƙwarya ta tarwatse, ita ta gurɗe hannu. Mai unguwa ya ce a taru a ƙofar gidansa bayan la'asar, kuma aka aiko a kira ni, wai a ji ta bakin mai ilimin boko.

Ku ji fa, an aiko a kira ni! Na kwana ina tsara abin da zan faɗa, ina gwadawa ga rediyo. Na ce a raina yau za su san Kalgo ta yi baƙo.

Aka zauna, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a hana keke ran kasuwa, wani ya ce a sa kowa ya sayi ƙararrawa, wani ya ce a gicciya itace a ƙofar kowane gida. Da aka zo kaina na miƙe tsaye (kowa a zaune ya yi magana, ni kaɗai na miƙe kamar ina gaban allo). Na ce ni na bincika, na gano tushen cutar. Mai keken nan ba da gangan ya buge mai nono ba, mutum biyu ya kauce wa, waɗanda suka tsaya tsakiyar hanya suna gaisawa. Na ce kullum haka ake yi, mutum ya jingine keke a gicciye, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi ta ina gida ina iyali, na baya ya rasa ta inda zai bi. Har nan maganata na kan hanya. Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina. Amma daɗin muryata ya ɗebe ni, na ce saboda haka a hana gaisuwa a kan jinga kwata-kwata.

Baba Arzika ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, mi kac ce? In na ishe surukina bisa hanya, in wuce shi kamar jaki?"

Na ce, "A'a Baba, ɗaga hannu ya isa. Haka ake yi a birni." (Birnin da na sani duka-duka Sakkwato ce, can ma daga makarantar horon malamai sai tasha.)

Mai unguwa ya shafa gemu ya ce, "To jama'a, kun jiya. Malam ya hwaɗi." Aka shafa fatiha, aka watse. Na koma ɗaki ina jin kaina kamar alƙali.

Suka bi doka kuwa, amma a kaina ni kaɗai. Tsakaninsu sai suka riƙa gangarawa gefe su gaisa son ransu, hanya ta zama fayau, karo ya ragu. Ni kuwa duk wanda na gamu da shi sai ya ɗaga mini hannu, baki a rufe, ya wuce. Mai tsire ya ɗaga hannu. Mata su ɗaga hannu suna ƙunshe dariya cikin mayafi. Har a masallaci wani ya ɗaga mini hannu daga ƙarshen sahu.

Wannan duk da sauƙi. Kashegarin taron na iso giyayya, na rage gudu, na sauke ƙafa ɗaya ƙasa kamar yadda na saba. Baba Arzika bai ajiye zare ba. Ya ɗaga hannun hagu, idonsa na kan taru, ya sauke. Na tsaya jim, ina jan ƙararrawa da ɗan yatsa kamar ina gwada ta, sannan na wuce. Na ji abin har ƙashina. Aka shiga makonni a haka. Kullum in fita, kullum hannu. In na dawo ɗaki in tarar ban yi magana da babban mutum ko ɗaya ba tun safe, sai yara da "ku maimaita". Sau da yawa na yi niyyar in sauka in ce Baba na tuba, a mai da gaisuwa. Amma yaya mai doka zai fara karya dokarsa? Sai in ƙara taka feda.

To, ran wata Juma'a bayan an sauko, na sha babbar rigata fara, wadda tsohuwata ta sa aka yi wa aiki a Gwandu, na hau keke na bi jinga. Hanya ta cika maƙil, masu dawowa daga masallaci, mata a bakin ruwa, dattawa a gindin giyayya har da mai unguwa. Ina doso wurin sai na ga Baba Arzika ya yar da taru ya miƙe zumbur, ya ware hannu biyu, fuskarsa kamar an yi masa bushara.

"Maraba! Maraba lale! Ashe ana ganinku? Ina gajiya? Ina hanya?"

Wayyo, zuciyata! Na ce shi ke nan, Baba ya huce, kuma gaban kowa zai mai da ni. Sai duk tarbiyyar Gwandu ta taso mini lokaci guda: a sauka daga keke, a tuɓe takalmi, a miƙa hannu biyu. Ni kuwa na tashi yin su duka ba tare da na tsaya ba. Na saki kan keke, na miƙa hannuwa, ina fizge takalmi da ƙafa ɗaya, ina ƙwala murya, "Lahiya lau Baba! Ba gajiya! Ina gida? Ina iyali?"

Gefen babbar riga ya shige sarƙa. Keke ya karkata hagu, ya ratsa wani taru da aka shanya, ya kwashe shi da ni duka, muka gangara. Agwagi suka watse suna kuka. Ban tsaya ko'ina ba sai cikin taɓo, a naɗe cikin taru kamar ƙaton tarwaɗa, keke a kaina, ƙafar baya na ta juyawa.

Daga nan ƙasa na ɗaga ido, na ga Baba Arzika ya rungume wani mutum mai ƙunshin kaya a ka. Ƙanensa ne, Manu, ya dawo daga kamun kifi a wajen Yawuri bayan watanni, kuma tun daga nesa yana tafe ne a bayana. Murna ta hana tsohon ganin abin da ya same ni. Yana ta yi: "Ina ka baro su? Duk suna lahiya?"

Ni kuwa, Allah shi ne shaida, daga cikin taɓon nan na ji bakina ya ce, "Lahiya lau."

Wannan ce ta kashe mutane. Dattawa suka yi ta ƙoƙarin riƙe dariya da hannun riga, abin ya gagara. Mai unguwa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da samari suka gangaro za su ciro ni, wani ya tsaya a bakin jinga ya ɗaga mini hannu tukuna. Na so ƙasa ta tsage in shige, to amma ai na riga na shiga har ƙugu.

Targaɗe na yi a idon sawu. Aka ɗauke ni ranga-ranga zuwa ɗakina, mai ɗori ya zo ya ja ƙafar na yi ihun da ya fi na agwagin. Na kwanta na juya fuska bango, ina tunanin yadda zan nemi a mai da ni Gwandu, ko Masama, ko ma ina ne da ba a san fuskata ba.

Da safe sai na ji sallama. Mai unguwa ne da mutanensa, sun zo dubiya. Suna fita wasu suka shigo. Mata suka aiko da kunu da romon kifi. Ɗakin nan da ba wanda ya taɓa tuɓe takalmi a ƙofarsa sai ni, ga takalma har sun toshe hanya. "Sannu Malam. Ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi." Na san wasu dariya ta kawo su, ana ganin ta a gefen bakinsu. Ban damu ba, wallahi. Na yi ta amsawa kamar mai buɗa baki da azumi.

Da la'asar Baba Arzika ya iso. Ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙo, ya dubi dama ya dubi hagu.

"Malam, nan dai ba bisa hanya ba ne ko? Ana iya gaisuwa?"

Na buɗe baki in amsa, sai hawaye. Na ce zafin ƙafa ne. Ya zauna a gefen tabarma ya faro ta tun daga ina wuni har labarin tsohuwa can Gwandu, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama ya ce, "Wanga karo taka ce, Malam. Ba kowa bayanka, sai bango."

Ƙafa ta warke da wuri, amma na daɗe ina ɗingishi, don na lura in ana ɗingishi ana samun sannu. Ba wanda ya soke dokata a taro, mutuwa ta yi da kanta. Aka faɗaɗa jingar a gindin giyayya don masu son tsayawa su gaisa, wurin kuma ya samu suna: Gangaren Malam. An ce mini har bayan na bar garin haka ake kiransa.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In an kira ka ka gyara wa mutane hanya, ka gyara hanyar, ka bar musu bakinsu, musamman in da bakin nan nasu kake rayuwa. Na biyu kuwa ya bi ni har tsufa: duk wanda ya ware hannu yana mini maraba lale, sai na waiwaya tukuna kafin in amsa. Kuma sau da yawa akan samu wani a bayan nawa.